Shin Haihuwar Wuri Gado Ce? Ɗan Sharhi Daga Matamaye

Masu nazarin yawan al'umma sun saba cewa haihuwar wuri gado ce, wato yarinyar da uwarta ta haihu da ƙuruciya ita ma haka za ta yi. Lissafin ba shi da gardama. Binciken EDSN na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su cika 18, kuma dokar farar hula ta yarda da auren 'ya mace tun tana 15. Inda muke da ja shi ne kalmar gado kanta.

Kamannin uwa da ɗiya ba ya tabbatar da cewa ɗaya ce ta jawo wa ɗaya. A ƙauyukan Matamaye, cikin gundumar Kance, su biyun sun tashi kan ƙanƙanuwar gona guda, nesa da kwaleji guda, kuma uba ko baffa ne waliyyin da ya ba da kowaccensu. To amma da an ce gado, sai laifin ya tattara kan uwa, mazan da suka karɓi sadaki su fita fes.

Wannan bai wanke hannun uwa sarai ba. Barbara Cooper, a littafinta kan aure a Maraɗi (1997), ta nuna irin nauyin da musayar kayan biki ke da shi ga darajar mace. Uwa ce ke tara kayan ɗaki, sau da yawa da kuɗin tallar yarinyar, talla kuwa ba ta jituwa da lakkwal. Haka nan haihuwar fari a gidan iyaye ake yin ta. Kaka ke kula da wankan jego, wani sa'in ta ɗauki riƙon ɗan fari saboda kunya. Wadda ta haihu tana 16 tana iya samun jika tana 33, da nata goyon a baya. Ashe ba ra'ayi ake miƙawa ba, aiki ne da bashi.

Abin da ya fi damunmu da wannan fassara shi ne ta bar tattalin arziki a waje. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawa 92 a hamada kusa da Arlit, kan hanyar Aljeriya, akasarinsu mata da yara, yawancinsu daga yankin Kance. Nazarin da zai tambayi uwa shekarar da ta fara haihuwa, ya kamata ya tambaye ta damin hatsi nawa gidanta ya samu a shekarar da aka aurar da ɗiyarta.