Aikin Dare na Mai Tafsiri

Duk wanda ya taɓa zaman tafsirin azumi a Tambuwal ko Kebbe, ko a Dogon Daji da Jabo, ya san ranar da karatu ke kawowa Suratu Yusuf. Tabarmi ba sa isa, masu babura su tsaya a bakin hanya su kashe inji. Kuma fa babu wanda bai san labarin ba. Tsohuwar da ke saurare ta bayan zana ta san za a jefa yaron a rijiya, ta san zai fito, ta san inda zai ƙare. Duk da haka wuri ya yi tsit. In aka shafa fatiha sai ka ji ana cewa, "Wanga malami Allah ya yi mai baiwa."

Baiwa kam akwai. Sai dai wanda ya kwana a zauren irin wannan malami ya san kuɗin da aka biya kafin a kai ga wannan shirun. Sunan aikin muɗala'a, kuma tun cikin Sha'aban ake fara shi.

Bayan isha'i malam zai zauna bisa buzu, littattafai a buɗe kewaye da shi. Ga Jalalaini, wanda Mahalli ya fara, Suyuɗi da ya rasu a 1505 ya kammala. Ga hashiyar Sawi a gefe. A wannan yankin kuwa da wuya ka rasa Liya'ut Tawili na Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, don Gwandu ba ta da nisa da Tambuwal. Abin da zai karanta a daren ya ninka abin da zai faɗa gobe sau da yawa, kuma nan ne gwaninta ta farko take: iya zubarwa. Ƙissoshin annabawa sun daɗe suna ɗauke da ƙarin da ake kira Isra'iliyat, labarai masu daɗin ji marasa tushe. Ƙaramin mai wa'azi yakan kwashe su duka don ya ga jama'a na kaɗa kai. Babba yakan sheƙe su kamar yadda ake sheƙe hatsi, har da ingantattun ma yakan ajiye wasu, saboda sa'a guda gare shi tsakanin la'asar da lokacin da mutane za su tashi neman abin buɗa-baki.

Sai neman zaren da zai ɗinke labarin. Surar ayoyi 111 ce, kwanaki ake yi ana cikinta, kuma mai sauraro ya wuni da ƙishirwa. Na ji wani malami ya riƙe ta da riga kawai. Rigar da aka shafa wa jinin ƙarya, rigar da aka yage ta baya, rigar da aka jefa a fuskar uba ganinsa ya dawo. Ranar farko ya ce wa jama'a su riƙe rigar nan, za ta sake zuwa. Da ta zo karo na uku, dattawa na ta sharar hawaye. Wannan ba a kan mumbari ake gano shi ba, sai wanda ya karanta surar daga farko zuwa ƙarshe yana tambayar kansa me zai bar wa manomi a ka.

Manomin kuwa da harshensa za a yi masa magana. Dabbar da 'yan'uwan suka ɗora wa laifi, fassarar Sheikh Abubakar Gumi ta kira ta kerkeci, amma yaro nawa ne a Kuchi ya taɓa ganin kerkeci? Dole tun da dare a shirya yadda za a kwatanta shi da dila da kare ba tare da an mai da shi kura ba. Matafiyan da suka tsinci yaron, a ce ayari ko a ce fatake? In aka zo shawarar da Annabi Yusuf ya ba sarkin Masar, ta a bar hatsi cikin zangarniyarsa don shekaru bakwai na fari, malamin da ya san mutanensa ba ya wahalar bayani. Ya ambaci damen gero a cikin ruhewa, ya tuna wa tsofaffi yunwar 1973 da ta 1984, ya yi gaba. Kowa ya gane.

Abin da ya fi burge ni shi ne zamansa da mai jan baki. Mutane na ɗauka alaramma na karantawa ne ya tsaya inda numfashi ya ƙare. A'a, an yi yarjejeniya tun jiya. Za ka ji malam na cewa, "Alaramma, in munka kai ga rijiya, tsaya nan, kak ka wuce." Shi kuma ya ce, "To, Allah gafarta Malam, in maimaita ta sau biyu?" Su gwada, malam ya fassara da ƙarfi kamar masallaci a cike yake, almajirai biyu ko uku na zaune. Su ne ma'auni. Inda ya ga ido ya fara lumshewa, ya san ya ja da yawa, ya datse. Inda aka yi dariyar da ba ta dace da wurin ba, ya sauya kalmar. Wasu a yau suna ɗaukar muryarsu a waya su saurara, kuma ban ga aibi a nan ba.

Ƙasar nan ta gaji wannan tun daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a 1754, ya fara wa'azi yana da kamar shekara 20, ya zaga Kabi da Zamfara yana magana da Hausa da Fillanci don talaka ya fahimta. Ɗansa Muhammadu Bello ya bayyana a Infaƙul Maisuri cewa in Shehu ya fito zuwa majalisi yakan ɗan dakata kafin ya isa wurin jama'a, don ya sabunta niyya, sannan ya shiga da sakin fuska ya yi sallama da muryar da kowa zai ji. Wani ɗan Shehu, Buhari, shi ya zauna Tambuwal, zuriyarsa ke sarautar garin. Daga baya rediyo ta faɗaɗa majalisin: tafsirin da Gumi ya yi ta gabatarwa a Masallacin Sultan Bello na Kaduna har rasuwarsa a 1992, ana jin sa a ƙauyukan Kebbe, maƙwabtan Gummi, garinsa. Yanzu kuma kowace kalma na iya yawo a waya har abada, abin da ya sa mai hankali ya ƙara tsawon darensa.

Hatta wurin rufewa a shirye yake zuwa. Gwani ba ya tsayawa inda labari ya huce. Zai kai ayari ya baro Masar da rigar, tsoho a gida ya ce yana jin ƙamshin ɗansa, mutanen gida na yi masa kallon wanda ya ruɗe. A nan zai rufe littafi ya ce, "Sai gobe in Allah ya kai mu." Jama'a su tashi suna ƙorafin an yanke musu daɗi. Shi kuwa ya sha ruwa, ya yi asham, ya koma zaure ya aika a kira masa alaramma.