Kundin sulalla da dalar da bai sani ba

Duk inda masu tara tsofaffin sulalla suka haɗu, ba a jimawa hira take komawa kan littafi. Wanne ya fi, wanne ya tsufa, wanne ne marubucinsa bai taɓa shiga kasuwa ba. Na daɗe ina bin irin wannan gardama, ta masu Faransanci da ta masu Turanci, kuma abin da na lura shi ne kusan duk ƙorafin a wuri guda yake taruwa, wato layin farashi. Ni kuwa a ganina nan ne wurin da ya fi ƙarancin amfani a littafin, kuma laifin da ya kamata a tuhumi waɗannan kundaye da shi yana wani gefen daban.

Mu fara da babbansu, Standard Catalog of World Coins, wanda kowa ke kira Krause. Chester Krause da Clifford Mishler ne suka fara fitar da shi a 1972 daga wani ɗan gari mai suna Iola a jihar Wisconsin ta Amurka. Harufan KM da ake gani gaban lambar kowane sulai a wurin dillalai, farkon sunayensu ne. Littafin ya yi ta ƙiba har aka raba shi ƙarni-ƙarni, kuma juzu'in 1901 zuwa 2000 kaɗai ya haura shafi 2,000. Masu karatu suna kukan nauyinsa, da siririyar takardarsa, da hotunan da wasu suka dushe, da kurakuran da ake kwashewa daga bugu zuwa bugu ba gyara. Duk wannan gaskiya ne. Amma kukan da ya fi ƙarfi shi ne wai farashinsa ƙarya ne: mutum ya ga dalar Amurka goma a shafi, ya kai wa dillali, a taya masa biyu.

To, ina laifin littafi a nan? Farashi kamar ruwan gulbi yake, kafin a gama ɗab'i ya riga ya wuce. Ko jan littafin nan na R. S. Yeoman kan sulallan Amurka, wanda ya fara fitowa a 1946 kuma ake sabunta shi shekara-shekara, abin da yake nunawa kuɗin da dillali zai sayar maka ne, ba wanda zai saya a hannunka ba. Wanda ya sayi kundi don ya san nawa zai samu, ya sayi kalandar bara. Abin da ba ya tsufa shi ne nauyi, da faɗi, da irin ƙarfen, da adadin da aka buga, da ɗan harafin da ke nuna gidan da ya ƙera. Saboda waɗannan nake ajiye tsohon bugu ba tare da jin na yi asara ba.

Ga misalin da ya shafe mu. A akwatunan tsofaffi a Maraɗi da Damagaram ba a rasa kwabon Ingilishi mai huji a tsakiya da tauraro mai tsini shida, wanda ya tsallako iyaka tare da fatake. Wasu daga ciki suna ɗauke da 1936 da sunan Sarki Edward na takwas, wanda bai cika shekara a kan gadon sarauta ba. Da wannan ake ruɗar mutane a Facebook, a ce ga kwabon miliyoyi. Buɗe kundi kawai za ka ga an buga shi miliyan bisa miliyan, wasu a London, wasu a Birmingham masu harafin H ko KN. Layi ɗaya ya kashe maganar. Haka dalar azurfa ta Maria Theresa. Kowace ɗaya da za ka samu a hannun maƙeran Agadas ko a wuyan wata kaka, 1780 ne a jikinta, shekarar da sarauniyar ta rasu, alhali an ci gaba da buga ta da wannan shekarar a Vienna, daga baya har a London da Paris da Rome da Bombay. Shekarar ba ta gaya maka komai. Nauyin giram 28 da ɗan ɗoriya, da azurfa kashi 833 cikin 1,000, su ne za su raba maka ta gaske da ta jabu. Wannan aiki littafi ya yi shi, kuma na yaba.

Yanzu ga tuhumata. Ɗauki Krause, ka nemi shafin Nijar. Abin da za ka tarar sulallan tunawa ne na zinariya da azurfa, wasu da hoton Diori Hamani da shekarar 1960, waɗanda aka buga domin masu tarawa a Turai. Babu mai ƙosai da ta taɓa ba da canji da su. Kuɗin da muke kashewa tun muna yara, masu kan barewa da alamar nan ta bankin BCEAO da aka ɗauko daga ma'aunin zinariya na mutanen Akan mai siffar kifi, sai ka je can ƙarshen littafi ƙarƙashin sunan ƙasashen Afirka ta Yamma. Na san dalilin: kundin yana jera sulalla ne bisa hukumar da ta fitar da su, kuma tsari ne mai ma'ana. Sai dai sakamakonsa shi ne baƙon da ya karanta shafin Nijar zai rufe littafin bai ga kuɗin Nijar ba.

Ko da ya kai shafin da ya dace, zai ga an rubuta faran 5, faran 25, faran 100. Wa ke faɗin haka a kasuwar Yamai? Mu dala muka sani, da dala biyar, da dala ashirin, har a kai jika. Duk lissafinmu biyar-biyar yake tafiya, kuma ɗan makarantar da ya iya Faransanci sai ya yi raba-da-biyar a ka kafin ya sayi goro. Wannan suna gadon waccan dalar azurfa ne, wadda sulan faran biyar na Faransa, shi ma babba na azurfa, ya gaje ta. Azurfar ta tafi, sefa ta zo a 1945, darajarta ta faɗi da rabi a Janairun 1994, sunan yana nan daram a kan ɗan ƙarfen da yau da wuya ya sayi ko ashana. Tarihin shekara fiye da ɗari ke nan a cikin kalma guda, kuma babu gurbinsa a tsakanin layukan kundi.

Littattafan Faransa ba su tsira daga wannan ba. Kundin Jean Lecompte kan sulallan ƙasashen da Faransa ta yi wa mulkin mallaka, wanda gidan Gadoury na Monaco ya wallafa, ya fi Krause zurfi nesa ba kusa ba a kan abin da ya shafe mu, kuma masu karatun da suke fifita shi suna da hujja. Haka littafin David Vice na 1983 kan sulallan Afirka ta Yamma ta Ingila. Amma dukansu daga ƙofar maƙera suke kallon sulai: wa ya zana, ina aka buga, guda nawa suka fito. Da zarar ya faɗa hannun mai saye da sayarwa, sun sallame shi.

Dubi anini. Kundi zai ce maka kashi ɗaya ne cikin goma na kwabo, an fara shi a 1907 da sanholo, aka koma wani ƙarfen a 1908 saboda na farkon bai jure ba. Daidai ne. Amma me ya sa Turawa suka buga abu mai ƙanƙantar daraja haka? Don ya kori wuri ne daga kasuwa, domin cinikin yau da kullum ya saba da ƙananan ƙidaya. Heinrich Barth ya tarar a Kano a 1851 ana canza dala guda da wuri 2,500. Ita kanta kalmar kuɗi jam'in wuri ce. Mai son wannan bayani sai ya ajiye kundin sulalla ya ɗauki The Shell Money of the Slave Trade na Jan Hogendorn da Marion Johnson, na 1986, littafin da ban cika jin masu tara sulalla suna ambata ba, ko kuma ƙamus ɗin Bargery na 1934, inda anini da sisi da sule suke zaune da ma'anoninsu.

Akwai kuma maganar daraja-daraja, wadda masu karatu ke ɓata dare a kanta. Faransawa na da TB da TTB da SUP har zuwa FDC, sulan da bai taɓa shiga aljihu ba. A ma'aunin nan, mafi daraja shi ne wanda bai yi aikin da aka ƙera shi dominsa ba. Abin dariya, mu ma muna da namu ma'aunin, kuma ya fi nasu tsanani: mai tebur ta juya dala ashirin a tafin hannu, ta ce ya shafe, ta miƙo maka abinka. Dala hamsin ɗin nan mai launi biyu da ta fito a 1992, sau nawa aka ƙi karɓarta alhali lafiyarta lau, har bankin ya riƙa fitar da sanarwa cewa kuɗi ce halattacciya? A kundi lamba ce kawai a cikin jeri, ba abin da ya bambanta ta da ƴan uwanta.

Tun da kamfanin F+W Media da ya mallaki Krause ya karye a 2019, gardamar ta koma kan ko littafin takarda ya mutu, tunda ga Numista a intanet kyauta, da hotuna masu launi, kuma masu amfani da shi ne suke cika shi da kansu. Ban damu ƙwarai da wanda ya yi nasara ba. Abin da ya ja hankalina shi ne a can kowane sulai yana da filin ƙarin bayani wanda ba sai ɗan Wisconsin ko ɗan Monaco ne zai cika ba. Ɗan Tawa ma zai iya aika gyara ya ce wannan faran 25 ɗin, dala biyar muke ce masa, ga kuma inda sunan ya samo asali.