Idon Tsofaffi a Bakin Fage: Yadda Ake Gane Ɗan Dambe Mai Gobe

Tun da waya ta shiga hannun kowa, wata magana ta yi yawa a bakin matasan masoya dambe. Wai lokacin da tsoho zai zauna a bakin fage ya dubi yaro ya ce "wannan zai yi nisa" ya wuce, tunda ga bidiyo, ga lissafin kisa, kowa na iya ƙirgawa da kansa. Wasu har cewa suke duban tsofaffi son kai ne zalla, kowa yaron ɓangarensa yake yabo. Ban yarda ba. Son kai akwai shi a dambe, amma duk wanda ya ce babu ilimi a cikin wannan duba, bai taɓa zama kusa da masu yin sa ba.

Dambe wasan mahauta ne tun asali. Idan kaka ta yi, amfani ya shigo gida, rundawa kan bi garuruwa suna yanka suna sayarwa, da la'asar sakaliya a kafa fage. Ƙasar Funtua da Malumfashi kuwa ƙasar kaka ce ta sosai, ga auduga, ga masara da dawa. Tun da layin dogo na Zariya zuwa Ƙauran Namoda ya ratsa Funtua a ƙarshen shekarun 1920, kuma injinan gurzar auduga suka kafu a garuruwan biyu, kuɗi ke sauka hannun manomi a lokaci guda, kuma inda kuɗin kaka ya sauka, nan kalangu ke biyo baya. Daga baya dambe ya samu gidaje na dindindin a birane, irin na Kano da gidan Ali Zuma a Dei-Dei ta Abuja, da ɓangarorinsa na Kudu da Arewa da Guramaɗa da Jamus. Sai fagen ƙauye ya zama wurin rainon yara, birni ya zama inda ake kai wanda ya nuna.

Wannan gardama ba mu kaɗai muke yin ta ba. A Amurka, masu nemo wa manyan ƙungiyoyin besbol 'yan wasa sun daɗe suna auna yaro a kan abu biyar, suna ba kowanne maki daga 20 zuwa 80. Da littafin Moneyball ya fito a 2003, mutane da yawa suka ɗauka alƙaluma sun kori ido. Har yau manyan ƙungiyoyin ba su daina tura mutum ya je ya zauna ya kalli yaro ba. Su da ke da lissafin kowane bugu ke nan, balle mu da ko rabin wasannin yaro ba a ɗauka.

To, me tsoho ke dubawa? 'Yan kallo hannun da aka ɗaure da zare, wato mashi, suke bi da ido, domin shi ke kisa. Tsoho kuwa ɗaya hannun yake kallo, garkuwa, wanda aka bari a buɗe. Ni a nan na tsaya, kuma ina ganin duk sauran alamomi bayansa suke.

Ku lura da yaro idan ya tsaya. Ya ba abokin karawarsa gefe, ƙafa ɗaya a gaba, ya miƙa buɗaɗɗen tafi saitin fuskarsa, ya ja mashi can baya. Wannan tafin aiki uku yake yi a lokaci guda: yana auna tazara, yana tare wa abokin karawa gani, yana kuma dafe kai ko kafaɗa idan an matso. Kowane yaro ya iya miƙa shi kafin a fara. Abin da ake jira shi ne lokacin da ya kai naushi ya kuskure. Yaron da bai nuna ba, da zarar ya saki mashi sai garkuwar ta faɗi gefen cinyarsa, kansa ya bi naushin, nauyinsa duka ya koma kan ƙafar gaba. A wannan ƙiftawar ido haɓarsa a fili take. Idan ya gamu da wanda ya san aiki, nan za a kashe shi, wani lokaci ma shi zai kai hannu ƙasa da kansa, kuma a dambe wanda ya dafa ƙasa ya mutu. Yaro mai gobe kuwa, ko ya kuskure, za ka ga tafin ya riga ya koma wurinsa kafin ƙafarsa ta gama sauka. Sau ɗaya tsoho zai ga haka ya gyara zama. Idan ya sake gani a turmi na biyu, sai ka ji ya tambayi na kusa da shi, "Yaron wa ne wannan?"

Turmi na biyu ne ma'auni, ba na farko ba. A turmin farko kowa da ƙarfinsa, kiɗa na kunnensa, 'yan garinsu na ihu. Bari a sauke masa guda a kunne, a raba, a sake ɗaure zaren da ya kwance, sannan a dubi yadda zai dawo. Wani zai dawo da fushi, ya manta da garkuwa ɗungurungum, yana ta wurgi da hannu. Wani zai dawo yana runtse ido tun naushi bai iso ba, kuma wannan ciwo ne mai wuyar magani. Wanda ake nema shi ne wanda ya dawo da tafinsa a sama, ya ɗan sauya tazara, alamar ya gane ta inda aka shigo masa. Haka kuma ba a yanke wa yaro hukunci sai an gan shi da bahago. Mai ɗaure dama da ya saba da irinsa, ranar da ya tsaya gaban bahago naushi zai zo masa ta ɓangaren da bai saba tarewa ba, a ranar ake sanin ko garkuwarsa tana tunani ko haddace ta ya yi.

Bidiyon da ake yawo da shi a waya duk ba ya nuna wannan. Daƙiƙa goma ce ta kisa, an yanke gaba an yanke baya. Lissafin kisa ma haka: goma ya kashe, amma su wa? Yaron da ubangidansa ke zaɓar masa abokan karawa zai tara kisa ba tare da an taɓa gwada shi ba. Masu yabon tsawo da ƙirar jiki su je kasuwar Sheme su ga mai sayen san huɗa, ƙafa da tafiya yake dubawa, ba tozo ba. Batun laya da tsaga kuwa ban ɗauke shi ma'auni ba, tunda kowane ɓangare da nasa.

Masu zargin son kai sun manta da abu guda. A dambe, mai duba yana sa sunansa a kan abin da ya gani. Idan ka ji Garkuwan Cindo, ko Autan Sikido, ko Bahagon Sanin Kurna, wani babba ne ya yarda a riƙa kiran sunansa duk ranar da yaron ya shiga fage, ya yi kisa ko a kashe shi. Mai yaɗa bidiyo ba ya asarar komai idan yaron ya lalace. Ko mawaƙi Muhammadu Bawa Ɗan Anace, da ya sa sunan Shago da Ɗandunawa ya ƙi mutuwa, gwanayen da fage ya riga ya tantance ya waƙe.

Abin da ke damuna shi ne wannan ido ba ya rayuwa sai da fagen ƙauye. Tsoho yana buƙatar ya ga yaro bana a Bakori, baɗi a Ƙafur ko Ɗanja, ya ga abin da ya gyaru da abin da ya ƙi gyaruwa. Rashin tsaro da ya addabi Faskari da Sabuwa da Ɗandume ya sa taron jama'a ya yi wuya a ƙauyuka da dama, ga kuma damben babur da na mota suna kiran yara birni tun ƙashinsu bai yi ƙwari ba. A can, don a cika gida, sai a haɗa ɗanyen yaro da wanda ya shekara goma yana ɗaure zare. Awon nauyi da gasannin zamani suka shigo da shi abu ne mai kyau, amma sikeli ba ya gane yaron da ke sauke garkuwa.

Don haka ina kira ga sarakunan fawa da sarakunan dambe na Funtua da Malumfashi su riƙe damben kaka a duk inda zaman lafiya ya ba da hali, su kuma ware wa yara lokacinsu kafin manya su shiga. Ku kuma masu gidajen dambe na birni, kafin ku aiko mota ta ɗauki yaro saboda bidiyon da kuka gani, ku nemi tsohon da ya kalle shi kaka biyu ko uku, ku tambaye shi.