Jin Ƙai da Bishara a Littafin Magana Hausa: Matsayin Labarin Dorugu a Tarihin Zube

1.0 Gabatarwa

An saba fara tarihin rubutun zube na Hausar boko daga gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a shekarar 1933 a ƙarƙashin jagorancin Dokta R.M. East, watau gasar da ake danganta littattafan Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi da ita. Abin da ya gabaci wannan lokaci kuwa akan dunƙule shi cikin jimla ɗaya ko biyu, a kira shi ayyukan Turawan Mishan, a wuce. Wannan maƙala za ta tsaya a kan ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka, watau littafin Magana Hausa na J.F. Schön, wanda aka buga a Landan a shekarar 1885. Littafin ya ƙunshi tatsuniyoyi da karin magana da guntayen labaran tarihi tare da fassararsu cikin Turanci, amma ƙashin bayansa shi ne labarin rayuwa da tafiye-tafiyen wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu.

Abubuwa biyu suka haɗu suka haifi littafin: aikin jin ƙai na 'yanta bayi, da aikin yaɗa addinin Kirista a ƙasashen waje. Abin da za a nuna a nan shi ne, darajar da littafin yake da ita ga manazarcin adabi ta fito ne daga bakin yaron da aka ɗauka shi ne abin tausayi, kuma shi ya kamata a sa a gaba idan ana maganar littafin.

2.0 Tushen Littafin

A shekarar 1807 Ingila ta haramta wa mutanenta fataucin bayi. Daga nan jiragen ruwanta na yaƙi suka riƙa tare jiragen bayi a teku, suna sauke waɗanda suka ƙwato a Saliyo. Cikin waɗannan 'yantattun bayi har da Hausawa. Ƙungiyar mishan ta Cocin Ingila, wadda aka fi sani da C.M.S., tana cikin masu kula da karatunsu da tarbiyyarsu. Schön Bajamushe ne, an haife shi a 1803, ya sami horo a makarantar mishan ta Basel, sa'an nan ya isa Saliyo a 1832 a ƙarƙashin wannan ƙungiya. A wurin waɗannan 'yantattu ya fara tsintar Hausa.

A wannan zamani wani jagoran masu yaƙi da bauta a Ingila, Thomas Fowell Buxton, ya kawo ra'ayin cewa tare jirage a teku ba zai kashe fataucin ba, sai an shiga cikin ƙasa da halattaccen ciniki da noma da Linjila. Bisa ga wannan ra'ayi aka tura jiragen ruwa uku su hau Kogin Kwara a 1841. Schön yana cikin ayarin, tare da Samuel Ajayi Crowther, wanda shi kansa 'yantaccen bawa ne. Tafiyar ba ta yi albarka ba. Zazzaɓi ya kashe Turawa fiye da 40, gonar gwaji da aka buɗe kusa da mahaɗar Kwara da Binuwai kuma ba ta daɗe ba. Ribar da Schön ya komo da ita ita ce tabbacin cewa Hausa harshe ne da ake ji a faɗin ƙasashe masu yawa. A 1843 ya buga ɗan littafin kalmomi da nahawu. A 1847 rashin lafiya ya mai da shi Ingila, inda ya zama limamin wani asibiti a garin Chatham. Har ya rasu a 1889 bai taɓa taka ƙasar Hausa ba.

Ya kamata a lura cewa a tunanin mutanen wannan ƙungiya, ceton bawa daga sarƙa da shigar da shi addininsu aiki ɗaya ne, tamkar jini da tsoka. Koyon harshe kuwa hanya ce ta isa ga wannan buri. Schön bai nemi Hausa don sha'awar adabinta ba. Ya neme ta ne don ya fassara Littafi Mai Tsarki.

3.0 Wane ne Dorugu?

An haifi Dorugu wajen shekarar 1840 a ƙauyen Dambanas kusa da Kance, cikin ƙasar Damagaram. Yana ɗan yaro aka kama shi a wani hari, aka raba shi da iyayensa, ya riƙa sauya iyayengiji har ya sami kansa a Kukawa, babban birnin Borno. A can ya haɗu da Adolf Overweg, ɗaya daga cikin Turawan bincike da gwamnatin Ingila ta turo ta hanyar Sahara, wanda ya 'yanta shi tare da wani yaro ɗan ƙabilar Margi mai suna Abbega. Da Overweg ya rasu a bakin Tafkin Chadi a 1852, sai yaran suka koma hannun abokin tafiyarsa Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasa suka sani da suna Abdulkarim. Da shi suka ratsa ƙasar Hausa zuwa Tambutu a 1853, suka komo Borno, suka ƙetare hamada zuwa Tarabulus, suka isa Landan a 1855.

A Ingila ne Schön ya karɓi yaran a gidansa. Mutumin da ya yi shekaru yana neman Hausa daga nesa, sai ga ta har gida a bakin yaro ɗan shekara goma sha shida ko kusa da haka. Dorugu ya riƙa faɗa, Schön yana rubutawa. Da taimakonsa aka fassara sassa na Littafi Mai Tsarki, da shi aka gina littafin nahawu na 1862, kuma kalmominsa suka cika ƙamus na 1876.

4.0 Jigo da Salo

Labarin ya kasu kashi uku: ƙuruciya da bauta, tafiya tare da Turawan bincike, da zama a ƙasar Turai. Abin da ya fara jawo hankalin mai karatu a kashi na farko shi ne rashin kuka. Littattafan masu yaƙi da bauta na wancan zamani an shirya su ne don su motsa zukatan masu ba da gudummawa, saboda haka sukan cika da siffanta azaba da kiran tausayi. Dorugu bai bi wannan hanya ba. Yakan faɗi abin da ya faru, ya faɗi wanda ya saya da wanda ya sayar, ya ci gaba. Jimlolinsa gajeru ne, jere suke da aikatau na tashi da tafiya da sauka da kwana, kamar yadda fatake ke ba da labarin hanya. Wannan sauƙi shi ya ba labarin nauyi, domin mai karatu yana ganin yadda mutum ya zama haja a idon yaron da bai san wata duniya ba sai wannan.

Idan aka kwatanta shi da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, za a ga inda suka haɗu da inda suka rabu. Duka biyu labarin yaro ne da aka raba da gida, aka ƙetara da shi hamada. Har ma an yi katari sunan Balaraben da ya ɗauki Umar zuwa ƙasar Masar shi ma Abdulkarim. Amma Shaihu Umar ƙagaggen labari ne, dattijo malami ke ba da shi ga almajiransa, ya riga ya san inda ƙaddara ta kai shi, kowace wahala kuwa tana da gurbi a cikin darasin haƙuri da tawakkali. Dorugu yaro ne da bai san ƙarshen labarinsa ba sa'ad da yake faɗinsa. Shaihu Umar ya fi shi tsari da zaƙin harshe, shi kuwa ya fi shi kusanci da abin da ake ba da labari a kai.

Kashi na uku shi ne mafi muhimmanci ga wannan nazari. A nan ne al'amari ya juya. Barth ya cika littattafai biyar da bayanin yadda baƙar fata ke ci da sha da sutura; Dorugu kuwa sai ya mai da wannan kallo a kan Turawa. Ya yi bayanin jirgin ruwa da jirgin ƙasa da manyan birane, ya kuma tsaya a kan yadda Turawan Ingila ke shirya liyafa, da yadda maza da mata ke zama a tebur, da ƙa'idojin cin abincinsu, duk da idon baƙon da ke ganin al'adar mutane abin mamaki ce mai bukatar bayani. Mai karatu zai ji cewa a zuci da Hausawa yake magana, ko da yake Bature ne ke riƙe da alƙalami. A wannan wuri wanda aka kawo don a wayar da shi ya zama shi ne mai nazarin masu wayarwar. Marubutan boko ba su sake ɗaukar irin wannan jigo sosai ba sai bayan shekaru masu yawa, lokacin da Hausawa suka fara rubuta labaran tafiyarsu zuwa Ingila.

5.0 Naƙasun Littafin

Naƙasu na farko na rubutu ne. Kunnen Schön bai rarrabe baƙaƙe masu lanƙwasa da takwarorinsu yadda ya kamata ba, alhali a Hausa nan ne bambancin kafa da ƙafa, da na baki da baƙi, da na kasa da ƙasa. Karin sauti ma bai gano shi ba; sai a ƙamus ɗin Bargery na 1934 aka nuna shi kalma bayan kalma. Hatta sunan littafin ya isa misali, domin a daidaitacciyar Hausa maganar Hausa ake cewa. Saboda haka mai karatun yau sai ya riƙa gyara a zuci kafin ya ji muryar mai magana.

Naƙasu na biyu ya shafi madogara. An ɗora nauyin harshe sukutum a kan yaro guda, wanda ya bar gida da ƙuruciya, ya yi shekaru tsakanin Barebari da Larabawa da Turawa. A lokacin da ake wannan aiki a Chatham, Nana Asma'u tana raye a ƙasar Sakkwato, rubutattun waƙoƙin ajami kuma suna yawo hannu da hannu a makarantun ilmi. Littafin bai taɓo wannan taska ba. Don haka kuskure ne a ce Turawan Mishan suka fara rubuta Hausa. Abin da za a iya ba su shi ne rubuta ta da baƙaƙen boko, da kuma adana maganar talaka ta yau da kullum, wadda malamai ba su cika damuwa da rubutawa ba, tun da Larabci suka fi yin zube da shi.

Naƙasu na uku shi ne mafi wuyar aunawa. Dorugu yana magana ne a gidan wanda ke ciyar da shi, yake tufatar da shi, yake kuma shirya shi don baftisma, wadda aka yi musu shi da Abbega a 1857. Hausawa kan ce, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mai riƙe da alƙalami shi ke zaɓen abin da zai shiga takarda da abin da za a bari. Dole ne mai nazari ya karanta yabon da ke cikin labarin yana tune da wannan matsayi na mai magana. Wannan ba zargin ƙarya ba ne a kan ɗayansu. Halin duk wata shaida ce da mai karɓar taimako ya bayar a gaban mai taimakonsa.

Akwai kuma batun lada. Schön ya sami lambar girma ta Volney daga Faransa a 1877, Jami'ar Oxford kuma ta ba shi digirin girmamawa a 1884. Ya cancanci yabo, domin ya yi aikin shekaru fiye da arba'in cikin naci, kuma bai ɓoye sunan Dorugu ba. Duk da haka, sunan da ke bangon littafin nasa ne, da shi kuma ake neman littafin a ɗakunan karatu. Sai a 1971 A.H.M. Kirk-Greene da Paul Newman suka fitar da labarin cikin Turanci a matsayin tarihin rayuwa na mai shi.

6.0 Kammalawa

Idan aka auna littafin da ma'aunin masu shi, burin bai cika ba. An yi fatan yaran biyu su koma su zama masu wa'azi cikin mutanensu. Abbega ya koma a 1857, ya komo ga Musulunci, daga baya har ya riƙe sarautar Lakwaja. Dorugu ya koma a 1864, ya yi aikin tafinta, a ƙarshen rayuwarsa kuma ya koyar da karatun boko a makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909. A Kano ya rasu a 1912, shekarar da aka haifi mawallafin Shaihu Umar. Fassarorin Schön ma ba su ɗore ba. Sai da Dokta Miller na Zariya da abokan aikinsa suka sake aikin kafin a buga Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932.

Abin da ya rage shi ne abin da ba a ɗauka da muhimmanci ba tun farko, watau labarin da aka rubuta don ya zama abin koyon harshe ga masu zuwa wa'azi. Taimakon da aka yi wa Dorugu na gaskiya ne, kuma rashin adalci ne a musanta shi don kawai an haɗa shi da wata manufa. Haka nan rashin adalci ne a manta cewa taimakon ya tafi ta ɓangare biyu: an ba shi 'yanci da masauki da ilmi, shi kuma ya ba da harshen da aka gina nahawu da ƙamus a kansa. Ya dace masana su sake fitar da labarin cikin daidaitacciyar ƙa'idar rubutu, da sunan Dorugu a bango, a kuma sa shi cikin manhajar adabi gaba da littattafan 1933, domin ɗalibai su san cewa tun wajen 1856 wani Bahaushe ya riga ya ba da labarin rayuwarsa da bakinsa, an kuma rubuta shi.