Rufe Iyaka Tsakanin Nijeriya Da Nijar

Iyakar da ta raba Nijeriya da Nijar ta fi mil 900, tun daga bakin Kwara har Tafkin Cadi. In ban da can gabas inda Komadugu Yobe ya yi tsakani, galibinta fili ne da gonakin gero. Turawan Ingila da na Faransa suka shata ta a takarda a 1890, suka sake a 1898, suka gyara a 1904 da 1906, domin Faransawa sun koka cewa rabonsu ba shi da hanya mai rijiyoyi daga Kwara zuwa Damagaram. Watau rijiyar ayarin soja aka duba, ba a duba dangi ba. Mutanen Maraɗi Katsinawa ne da suka yi ƙaura bayan jihadi, har sarkinsu ma Sarkin Katsina a ke ce masa, na Tsibiri kuwa Gobirawa.

Bayan samun mulkin kai ƙasashen biyu sun gane haka, shi ya sa a 1971 suka kafa hukumar haɗa kai, ofishinta a Yamai, don a riƙa shawara kan ciniki da ruwa da hanyoyi. Niyyar ba ta da aibu. Abin sūka shi ne, duk ran da magana ta yi zafi ba a tuna da hukumar nan, sai a garzaya ga sakata. Cikin shekara biyar sau biyu a ke rufe ƙofa.

Na farko a watan Agusta 2019 ne, zamanin Shugaba Buhari, saboda shinkafa. Hujjar Gwamnati kuwa ba ta banza ba ce. Shinkafar waje takan sauka a Kwatano da sunan za a kai ta Nijar, sa'an nan ta sulalo Nijeriya ba a biya kuɗin kwastan ba, ta karya manomin Kabi da na Haɗejiya. Amma fa a duba wanda rufewar ta kama. Wa ke bi ta ƙofa? Mai wake ne, da mai albasar Galmi, da mai kora shanu da raƙuma zuwa kasuwar Maigatari ran Alhamis, da mai sayen hatsi a Dawanau zai kai arewa. Waɗannan su ne masu tsayawa a rubuta kayansu, su biya, a ba su rasiɗi. Ɗan fasa-ƙwauri kuwa tun can bai san ƙofa ba, babur gare shi da dare da burtali. Da aka rufe, kayansa suka ƙara daraja, abin da ya ke ajiyewa a shingen hanya ya ƙaru, mai gaskiya kuma ya ga ba shi da mafita sai ya koyi hanyar daji. Kai, duk wanda ya taɓa riƙe littafin kuɗin kasuwa ya san ranar da aka hana biya a fili, ba biyan ke tsayawa ba, rubutun ke tsayawa.

A Nuwamba na shekarar aka ƙara da hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, watau kamar mil 12. Mutumin Jibiya da na Illela, wanda bai taɓa tsallaka da ko galan ɗaya ba, ya koma sayen mai a kwalba da tsada. Sai a Disamba 2020 aka buɗe Illela da Maigatari.

Na biyu ya fi muni, don ba kaya aka yi wa faɗa ba. Ran 26 ga Yuli 2023 soja suka tuɓe Shugaba Bazum, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta sa wa Nijar takunkumi, Nijeriya ta rufe iyaka, ta kuma yanke wutar lantarkin da ta ke ba ta. Sojan da aka nufa ba su sauka ba, majinyaci a asibiti da mai niƙa su suka zauna cikin duhu. An janye takunkumin a Fabrairu 2024, aka buɗe iyaka a Maris, amma zukata sun riga sun ɓaci. Su ma mahukuntan Yamai ba a wanke su ba. A Disamba 2024 Janar Ciyani ya tuhumi Nijeriya a fili da haɗa baki da Faransa, Nijeriya ta musa; a Janairu 2025 Nijar ta fita daga ƙungiyar, a Maris kuma ta ce ta janye daga rundunar haɗin gwiwa ta Tafkin Cadi. Ko kusa wannan ba dabara ba ce ga ƙasar da Difa ke cikinta.

Alhali kuwa ɓarayin daji ba su rufe wa juna hanya ba. Sukan kore shanu a Zamfara su tsallaka da su Madarumfa, ko su kama mutum a Gidan Rumji su ɓoye shi a dajin Nijeriya, kuma tun 2019 dubban mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina a ƙasar Maraɗi suka sami mafaka. Mai bin sawun ɓarawo, in ya iso iyaka, ba sakata ya ke bukata ba, wanda zai karɓi sawun a ƙetare ya ke bukata. Hakimai da dagatai da sarakunan Fulani na gefen nan da na gefen can sun san juna, suna auratayya, kuma fatoma a kasuwar shanu ya san baƙon da ya sauka a zaurensa da shaidar da ke jikin dabbarsa. Su ne ba a kan kira wurin taro ba. Gwamnonin Katsina da Sakkwato da Zamfara sun kusanci wannan hanya da suka je Maraɗi a Satumba 2019 suka ƙulla alkawari da gwamnan can kan tsaro, abin mamaki kuwa a lokacin ƙofa tana rufe.

A Fabrairu 2021, wata biyu kacal bayan buɗewar farko, aka aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, ta Kazaure da Daura da Katsina. Ta Jibiya aka shata za ta fita, garin da aka hana wa mai.