Kwaɗin Alassane da katun ɗin wayoyinmu

Ranar Asabar a Boɗinga na tarar da yaran yayata sun duƙufa kan wani katun na Hausa a waya. Muryar tamu ce, amma mutanen ciki ba namu ba ne: a shirye aka ɗauko su daga manhaja, aka ɗora musu hula. Suna tsaye ƙiƙam, baki kaɗai ke motsi.

Laifin ba na kwamfuta ba ne, takarda aka tsallake. Kafin a motsa komai, ana fara jera labarin a ƙananan zane-zane, tsarin da kamfanin Disney ya yaɗa a shekarun 1930: wa ya shigo, daga ina ake kallonsa, ina idon mai kallo zai sauka. Dalilin lissafi ne. Fim na tafiya da hoto 24 a daƙiƙa; ko an nuna kowane zane sau biyu, minti biyar zai ci zane 3,600. Ka ga gara a kama kuskure tun yana kan takarda.

Dubi Moustapha Alassane na Nijar, wanda ya daɗe a Tahoua. A 1966 ya fitar da Bon Voyage Sim, labarin shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki. Baƙi da fari ne, layuka kaɗan, amma zaɓen kwaɗon kaɗai ya gama yi wa masu mulki ba'a.

Gwajin mai sauƙi ne: shafe zanenka da baƙi. In yaro a Shagari zai bambanta ɗan kokawa da mai tallan goro daga inuwarsu, to kunna kwamfutarka. In ba haka ba, koma ga fensir.