Lambu a Ƙarƙashin Ruwa: Tsakanin Hoto da Rayuwa

A shekarar 1850, wani masanin sinadarai a Landan mai suna Robert Warington ya gabatar da sakamakon wani gwaji da ya yi. Ya sa ƙananan kifaye biyu a babban mazubin gilashi, ya dasa ciyawar ruwa mai suna Vallisneria, ya bar ruwan ba tare da sauyawa ba. Da tsofaffin ganyaye suka fara ruɓewa, ruwan ya gurɓace, sai ya ƙara 'yan dodon-koɗi, suka cinye ruɓaɓɓen ganye da gansakuka, ruwan ya washe. Abin da ya nuna shi ne tsiro na ba kifi iskar oksijin, kifi na ba tsiro iskar kabon da taki. Duk wanda ya ajiye tankin gilashi na lita talatin a kan teburinsa yau, ya dasa ciyawa, ya saki kifi, a kan wannan harsashi yake gini.

Sai dai daga baya al'amarin ya tashi daga gwajin kimiyya ya zama fasaha mai mazhabobi. Mutanen Holan ne suka fara, tun shekarun 1930. Tsarinsu na masu furanni ne: ba ruwansu da duwatsu ko itace, tsirrai ne zalla a jere rukuni-rukuni, ja kusa da kore, mai faɗin ganye kusa da mai sirara, har da wani layi da suke kira titi wanda ke tafiya daga gaba zuwa baya yana tsukewa don ido ya ga zurfi. Wani abu guda ya burge ni a al'adarsu: a gasar ƙungiyarsu ta ƙasa, alƙalai kan je har gidan mutum su duba tankin da idonsu, su ga lafiyar kifin, su auna ruwan. A riƙe wannan, domin shi ne abin da aka yi sakaci da shi daga baya.

Mutumin da ya sauya fasahar gaba ɗaya Bajapane ne, Takashi Amano, haifaffen Niigata a 1954. Ɗan tseren keke ne a sana'arsa ta farko, kuma mai ɗaukar hoton dazuzzuka. Ya kafa kamfanin Aqua Design Amano a 1982, littattafan hotunansa kuma suka bazu a Turai da Amurka a shekarun 1990. Shi bai yarda da jera tsirrai kamar kayan kanti ba. Ya ɗauko ƙa'idar lambun duwatsu na ƙasarsu ya nutsar da ita a ruwa. A salon da ake kira iwagumi, ana amfani da duwatsu masu adadin mara, uku ko biyar ko bakwai. Babban dutse ba ya zama a tsakiya, gefe ake kai shi, a karkata shi kamar igiyar ruwa ce ta tura shi shekara da shekaru, sauran kuma su bi bayansa. Ƙasan tankin a shimfiɗe shi da gajeriyar ciyawa iri ɗaya ko biyu, a saki garken ƙananan kifaye iri guda. Fili ya fi kaya yawa. Wanda ya taɓa tsayawa gaban irin wannan tanki ya san yadda yake kwantar da rai, kuma ba na jin akwai mai musun cewa Amano gwani ne.

Ya yaɗa dabaru biyu da suka zama ruwan dare. Na farko, tura iskar kabon daga silinda cikin ruwa, abin da ya sa tsirran da a da ke mutuwa a tanki suka riƙa bunƙasa. Na biyu, wani ɗan jatan-lande mai cin gansakuka, wanda yanzu da sunan Amano ake kiransa a duniya. Aikinsa na ƙarshe tanki ne mai tsawon mita 40 da ya shirya a gidan kifaye na Lisbon a 2015, shekarar da ya rasu.

Matsalata da wannan mazhaba ta fara ne daga gasar duniya da kamfaninsa ya ƙaddamar a 2001. Hoto ake aikawa, hoto ake yi wa hukunci. Kafin ɗaukar hoton, mai tanki kan cire bututun tace ruwa da na iskar kabon, ya aske tsirrai a lokacin da ya lissafa za su yi kyau daidai ranar, ya kaɗa saman ruwa da fanka don ya yi 'yar rawa, ya jira kifaye su jeru. Ba ha'inci ba ne, kowa ya san haka ake yi. Amma sannu a hankali abin da ake yabo ya koma daƙiƙa guda. Daga nan aka shiga ƙera tsaunuka da kwazazzabai, da bishiyoyin da aka haɗa da busasshen ice da gam aka manna musu gansakukar dutse, har da magangarar ruwa ta farin yashi. Kifi ya koma tsuntsu mai shawagi a sararin samaniyar ƙarya. Ana kiran abin da sunan dabi'a, alhali babu kogin da ya yi kama da shi, kuma da yawan waɗannan tankuna ana wargaza su da zarar an gama gasa.

Illar tana faɗawa ne a kan sabon shiga. Ya ga hoto a waya, ya sayi ɗan tanki da fitila mai ƙarfi, bayan mako uku gilashi ya yi kore shar, kifi na haki a saman ruwa. Hoton bai gaya masa cewa ƙaramin tanki ya fi babba wuya ba, domin ruwa kaɗan saurin ɗumama yake yi da saurin gurɓacewa. Bai gaya masa kashin kifi da ragowar abinci na zama amoniya mai guba ba, kuma sai wasu ƙwayoyin bakteriya sun zauna a cikin tsakuwa da soson filta sannan su mai da ita sinadarin da tsiro ke sha, abin da kan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin a saki kifi. Haske da iskar kabon da taki kuwa kamar duwatsun murhu suke, in ɗaya ya fi sauran tsawo tukunya za ta kife, kuma gansakuka ce ke cin riba. Wanda ya ƙara haske dole ya ƙara kabon, wanda ya ƙara kabon fiye da kima ya shaƙe kifinsa, musamman da dare lokacin da tsirrai ba sa fitar da oksijin.

Shi ya sa nake ganin littafin da wata Ba'amurkiya masaniyar ƙwayoyin halitta, Diana Walstad, ta fitar a 1999 ya fi kusa da ruhin abin. Ita ƙasar shuka take shimfiɗawa a ƙasa, ta rufe da tsakuwa ko yashi, ta cika tanki da tsirrai masu saurin girma, ta sa kifi kaɗan. Ƙasar tana ruɓewa a hankali tana sakin kabon, abincin kifi ya zama taki, ba silinda. Tankinta ba zai ci gasar hoto ba. Yakan yi duhuwa, tsirrai su hau juna, wani iri ya danne wani. Amma yana iya shekaru yana raye, kuma mai shi yana koyon karanta ganye: wanda ya yi rawaya me yake nema, wanda ya huje me ya rasa.

Ga mai son gwadawa a Kano ko Maraɗi, zaɓin ma kusan ya yi kansa. Tankin salon Amano na son fitila ta sa'o'i takwas ba yankewa da filta mai aiki dare da rana, ga tsirran da ba sa jure ruwan da ya haura digiri 28. Ɗaukewar wuta da zafin Afrilu za su gama da shi. Abin sha'awa kuma, wasu daga cikin tsirran da masu wannan fasaha a Tokyo da Jamus suka fi dogara da su 'yan yankinmu ne. Anubias, mai kaurin ganye da ke rayuwa a ƙarancin haske, daga koramun dazuzzukan kudancin Najeriya da Kamaru ya fito. Ba a binne jijiyarsa mai kauri, ɗaure ta ake yi a jikin dutse ko ice, in aka binne ta ruɓe. Wani jan bado da ake sayarwa da tsada a shagunansu ɗan'uwan badon tafkunanmu ne. Kainuwa kuwa suna ɗora ta a saman ruwa da gangan, saboda jijiyoyinta na zuƙe amoniya, inuwarta kuma na hana gansakuka sakat. Sai dai duk abin da aka ɗebo daga kududdufi a wanke shi, a ware shi a wani mazubi na mako biyu, domin yakan zo da ƙwan ƙwari da dodon-koɗin da ke ɗauke da cutar tsargiya.

Da zan shirya gasa, sharaɗina na farko shi ne tanki ya cika shekara kafin a shigar da shi, na biyu kuma alƙali ya taka har gida kamar yadda mutanen Holan ke yi, ya ga bututu da filta a inda suke, ya tambayi mai tanki sau nawa yake sauya sulusin ruwa, kuma kifi nawa suka mutu a hannunsa.